Shekarar Jiran Muwafaƙa

Yanzu na iso wurin da na daɗe ina kewaye-kewaye a kai. Duk abin da na rubuta muku a baya, na aurena da tafiyarmu Riyad da haihuwarku, kun sha jin sa a bakina ina tsintar shinkafa. Wannan kuwa ba ku taɓa ji ba, domin babanku ya ɗaure ni da alkawarin cewa muddin yana numfashi ba zan buɗe baki ba. Na riƙe masa. Yanzu ƙasa ta rufe idonsa, ni ma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, kuma na gaji da jin yadda kuke ambaton shekarar da muka baro Saudiyya, kamar wani mutum ne ya tashi da safe ya ga damar rusa gidansa. Musamman kai Khalifa, da kai ne babba, kai ne kuma ka fi kowa riƙo. Zan yi maganar da uwa ba ta yi wa 'ya'yanta. Wanda kunya ta kama shi ya ajiye takardar, ya sha ruwa, ya dawo. Ni na riga na ajiye tawa.

A lokacin muna unguwar Nasim, a gabashin Riyad, a benen nan mai ƙuntatacciyar matakala da kullum ke ƙamshin girkin 'yan Yaman na ƙasanmu. Babanku yana tuƙa motar ɗaga kaya a siton wani kamfanin tayil da ke Birnin Masana'antu na Biyu, can kudu, inda motar kamfani ke kwasarsu tun gari bai gama wayewa ba. Ku da aka haifa a can, gani kuke ƙasarku ce. Da Larabci kuke faɗa, da Larabci kuke shiryawa, in na yi muku Hausa ku amsa mini rabi da rabi kamar masu yi mini alfarma. Abin da ba ku sani ba shi ne, duk zamanmu a jikin aikin nan yake rataye. Aikin ke riƙe da iƙamarsa, wato takardar zama, don kamfanin ne kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Iƙamarsa ke riƙe da tawa da taku, taku kuma ke riƙe da kujerunku a makaranta. Har katin ta'min, inshorar lafiyar da muke nunawa a asibiti, kamfanin ne ya yi mana. Duk ranar da aikin ya faɗi, sauran za su bi shi.

Abin ya faro ne daga hangum. Ciwon yara, in ji mutane, amma shi a wajen ma'aikatan sito ya kwaso, ga furfura ta fara fito masa a gemu. Ina tuna yadda ke Hanan kika yi ta ƙyalƙyala dariya kina nuna kumatunsa, shi ma yana taya ki. Kumburin fuska ya saɓe, sai ciwon ya sauka masa ƙasa, inda tsofaffinmu ke tsoron ya sauka wa namiji. Ya sha wuya kwana da kwanaki, ya ƙi zuwa asibiti don kada ya buɗe jikinsa a gaban wani, sannan ya miƙe ya koma aiki, muka ce ya wuce. Ashe bai wuce ba. A hankali, mutumin da ke saɓa buhun shinkafa ya hau da shi bene bai tsaya ba, ya koma yana hutawa a tsakiyar matakala da ledar burodi a hannu. Damatsansa suka zube, tumbi ya fito. Gumi ya riƙa karyo masa yana zaune a ƙarƙashin na'urar sanyi. Ya daina dariya. In ya dawo aiki sai ya zube a kan kafet da takalminsa, in kun yi motsi ya daka muku tsawa, daga baya in same shi a ɗaki idanunsa sun yi ja. Tsakanina da shi kuwa, abin da zan iya ce muku shi ne mun koma zaman wa da ƙanwa, kuma shi abin ya fi ci a rai.

Kun san ni ban iya zuba ido ba. Na yi zuma, na yi habbatus sauda, na yi dabino da madara, na tofa duk addu'ar da na sani a ruwan Zamzam. Da na ga shiru, wata rana na zura abayata na tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, yau ko ka tashi mu je asibiti, ko in je ni kaɗai in kwatanta musu kai."

"Gajiya ce, Maman Khalifa. Wa ke kai gajiya asibiti?"

"Ni. Tashi."

Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, har muka faɗa hannun wani dattijon likita ɗan Sudan mai magana a hankali. Ya sa aka ɗebi jinin babanku da safe, da sakamako ya fito ya zaunar da mu. Ya ce akwai wani sinadari da jikin namiji ke yi, sunansa testosteron, shi ke riƙe da ƙarfi da ƙashi da kuzari, har da walwalar rai. Hangum ya lalata wurin da ake yin sa, na babanku ya yi ƙasa ƙwarai. Maganin allura ce da za a riƙa yi masa lokaci-lokaci har ƙarshen rayuwa. Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa a ofishin nan. Ciwo mai suna, mai magani, bayan duk zaman zullumin da muka yi. Sai likitan ya ɗaga hannu.

"Amma ba yau ba. Wannan maganin ba a rubuta shi haka nan. Sai kamfanin ta'min ya ba da muwafaƙa, ya amince tukuna. Su kuma ba sa yarda da gwaji ɗaya. Biyu suke so, a ranaku dabam-dabam, da sassafe, ba ka ci komai ba, kuma duka biyun su nuna ƙasa. Sannan in rubuta musu dalili. In suka ga kamar don harkar iyali ko neman haihuwa ake so, za su ƙi, wannan ba ya cikin abin da suke ɗauka. Ni gaskiya zan rubuta, hangum ne ya yi ɓarna. Kawo mini gwaji na biyu, sauran ka bar mini."

Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don bai zo masa a rai ba. Bai ce kada a yi maka komai kafin nan ba. Bai san mu ba.

Gwajin sassafe kuwa, ga mai aikin sito, ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin da ake ɗibar jinin, shi yana can kudu a kan motarsa. Sai ya nemi izinin mudir, shugaban siton, shi kuma mudir lokacin kaya na ta shigowa, kullum amsarsa gobe. Ranar Juma'a da yake hutu, masu ɗibar jinin su ma suna hutu. Mako ya bi mako ina yi masa mita, yana ce mini in yi haƙuri, mutum ba ya tafiya ya bar aiki don an ce ya kawo jini. A cikin wannan jiran ne abin ya faru, kuma ni ban sani ba sai daga baya.

Kun san Baffa Ɗanjuma, direban nan ɗan garinmu Funtuwa, mai kawo muku alewa a aljihu. Shi ya tarbi babanku ranar da ya fara sauka Riyad, ya bar masa katifarsa ya kwana a ƙasa. Duk Juma'a bayan masallaci mazan garinmu a ɗakinsa suke haɗuwa, su ci shinkafa a faranti ɗaya, a ji wa ya samu aiki, wa aka kama, wa aka yi wa rasuwa a gida. A wannan majalisar, ciwon mutum ɗaya na kowa ne. Da an ga ka rame, kowa zai zo da abin da ya sani, wannan da saiwa daga gida, wancan da ƙwayar da ta yi wa surukinsa aiki. Kuma ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi karɓa, ya nuna ya fi ƙarfin 'yan'uwansa ke nan, gobe in ya faɗi zai ga wanda zai ɗaga shi. A baƙuwar ƙasa wannan ne asibitinmu na farko, kuma sau da yawa ya yi mana rana. Babanku ya keɓe da Baffa Ɗanjuma ya gaya masa abin da likita ya ce, har da sunan maganin. To gidan da Baffan ke tuƙi akwai wani saurayi mai ɗaga ƙarfe, irin masu son damatsa su kumbura, yana samun irin wannan allurar ta bayan fage. Juma'a ta zagayo, aka gama cin abinci, Baffa Ɗanjuma ya ja babanku ƙuryar ɗaki, ga wani da ya taɓa riƙe kantin magani a gida yana jira da sirinji. Ga yadda babanku ya ba ni labarin abin da suka ce.

"Ga abin da likitan yake ja maka rai a kai. Duba, suna ɗaya ne."

"Yaya, ko in bari sai bayan gwajin?"

"Gwajin me? Ai sun riga sun ga ciwon. Wannan don ka samu ƙarfin kai kanka wurin gwajin ne. Muna kallon ka kana ƙarewa, kai kana maganar muwafaƙa. Juya."

Ya juya. Da ni ce a wurin, da ban san abin da zan ce ba, domin ni ma a lokacin ban san akwai illa ba.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a shekarar, kuma su ne suka fi yi mini ciwo in na tuna. Mutumin nan ya tashi. Ya hau matakala bibbiyu yana kiran sunayenku tun daga ƙasa. Ya ɗaga auta Yusra sama har ta taɓa fanka. Ya ari motar wani ya kai mu sahara, wajen Sumama, muka shimfiɗa tabarma muka gasa kaza, kai Khalifa kuka yi ta buga ƙwallo har ya kayar da kai a cikin yashi kuna dariya. Ni kuwa ina ta hura hanci, ina gaya wa matan bene cewa zumata da habbatus sauda sun kunyata likitoci. Yana jina, murmushi kawai yake yi. A cikin wannan ƙarfin ne ya samu bakin tsayawa gaban mudir ya karɓi izini, ya je aka ɗebi jini na biyu.

Da muka koma, likitan ya daɗe yana kallon na'urarsa. Sannan ya cire tabarau.

"Ya akhi, jininka ya nuna sinadarin ya cika har ya wuce. Jikin da na gwada kwanan baya ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Me aka yi maka?"

"Ba komai, likita."

"Allura? Ƙwaya? Wani abu daga wurin abokai?"

"Zuma ce kawai da maiɗakina ke ba ni."

"Ni ba ɗan sanda ba ne. In ka faɗa mini, zan rubuta wa kamfanin cewa gwajin nan ya gurɓace, a sake wani in abin ya fita daga jikinka. In ka ce babu, dole in tura musu shi a yadda yake."

Na juya na kalli babanku. Gumi ne ke bin wuyansa, idonsa a kan takalminsa. Ya ce babu. Likitan ya sake tambaya, ya sake cewa babu. Aka tura. Amsa ba ta daɗe ba, ita da ake cewa tana daɗewa, muna ofishin ta zo. Sun ƙi, kuma sun rufe buƙatar, ba za a sake shigar da wata ba sai bayan wata uku, da sababbin gwaje-gwaje biyu tun daga farko. Likitan ma ya ce da irin wannan sakamakon a gabansa, ko da kuɗinmu ba zai iya rubuta maganin ba. Da za mu fita ya ce, kamar da bango yake magana, wanda ya san akwai abin da yake yi wa jikinsa, ya daina, in yana son gaskiya ta fito a gwaji na gaba.

Muka kamo tasi. Muna shiga gida na turo ƙofa, kuna makaranta, na ce ya gaya mini. Ya gaya mini. Ranar na yi faɗan da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni ɗakinsa.

"Mutumin nan ya buɗe maka ƙofa, ka rufe da hannunka! Wa ya ce sai ka faɗi suna? Ka ce an yi maka allura, shi ke nan!"

"In na ce an yi, za a rubuta. In an rubuta, wani zai karanta ya ce wa ya yi, a ina aka samo. Kin san iƙamar Yaya tana hannun wani kafilin, shi kuma wani gidan yake yi wa aiki. Tambaya ɗaya ta isa a sa shi a jirgi. 'Ya'yansa da tsohuwarsa a gida, da me za su ci?"

"Naka 'ya'yan fa?"

"Wata uku ne, Maman Khalifa. Zan daure."

Har yau ban sani ba ko tsoronsa gaskiya ne. Wataƙila da ya faɗa, babu wanda zai bi ta kan Baffa Ɗanjuma. Amma lokacin ana ta kamen masu yi wa wanda ba kafilinsu ba aiki, kullum sai ka ji an tafi da wane, kuma duk wanda ya yi zaman baƙunta ya san ba a sakin baki a ofis. Ni dai abin da na sani, mutumin da ya bar masa katifa ya fi masa lafiyarsa nauyi.

Da ƙarfin allurar ya sake shi, sai ya faɗi ƙasa da inda yake a da. Wannan ne lokacin da kuka fi tunawa, lokacin da kuka ce babanku ya daina kula ku. Kai Khalifa ka ci gasar karatu a makaranta, aka kira iyaye, ya yi maka alkawari, ya sa farar riga, ya zauna ɗaura takalmi barci ya kwashe shi a kan kujera. Na tashe shi, ya miƙe jiri ya mayar da shi. Ka dawo da kyautarka ka wuce ɗaki ba ka ko kalle shi ba. Baffa Ɗanjuma da ya ji abin da allurarsa ta jawo, har gida ya zo, yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma a aljihunsa akwai wata allurar, don shi iyakar abin da ya sani ke nan na gyara. Na yi masa tatas a bakin ƙofa, na faɗa masa maganganun da tsakanina da shi sai dai yafiya. Amma da ya tafi, ni ɗin ce na ce wa babanku ya karɓa.

"Karɓi, ka riƙe aikinka. Muwafaƙa ta sha zamanta."

"In na karɓa, gwajin ba zai taɓa nuna gaskiya ba. Zan ƙare rayuwata ina jiran abin da wani yaro ya rage. Ranar da ya daina kawowa fa? Kuma ban san abin da ke cikin kwalbar ba. Gara in bi ta ƙofa."

Ya bi ta ƙofa. Ni na so ya haura katanga, kuma ba na jin kunyar faɗa, domin ni tukunya da makarantarku nake kallo. Shi ya fi ni gaskiya, ni na fi shi hangen abin da ke tafe, kuma babu wanda hakan ya amfana.

Saura kaɗan wa'adin ya cika, wata rana da zafi ya kai zafi, ya ɗaga lodin tayil sama, idonsa ya rufe na ɗan lokaci. Lodin ya zame ya tarwatse a ƙasa, dab da wani ma'aikaci ɗan Bangaladash. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane mutumin bai yi ba. Amma mudir ya daɗe yana lura da shi yana gyangyaɗi, kuma kwantiraginsa na gab da ƙarewa. Aka sauke shi daga motar a ranar. Ya kai musu takardar likita ta gwajin farko, suka ce ai kamfanin ta'min da kansa ya ce lafiyarsa ƙalau. Ba za su sabunta ba, kuma ba su yarda ya koma hannun wani kafilin ba. Za a buga mana bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar, mu duka.

Yanzu da ba aiki, safiya ta zama tasa. Wa'adi na cika ya je aka ɗebi jini, ya sake komawa aka ɗebi na biyu, duka suka nuna ƙasa, kamar yadda kowa ya sani tun farko. Likitan nan, Allah ya saka masa da alheri, ya rubuta ya tura, ya bi da waya. Muna tsakiyar ɗaure kaya a kwali saƙo ya shigo wayar babanku, an amince. Ya nuna mini. Na ce mu je, ko ba komai ka shiga jirgi da ƙafafunka. Muka je wurin ba da magani na asibitin, ya miƙa kati. Yaron da ke wurin ya danna, ya sake dannawa.

"Muwafaƙa ta fito, ya ammi, ga ta nan ina gani. Amma katin a rufe yake. Kamfaninku ya cire sunanka."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

Babanku ya karɓi katinsa ya mayar aljihu, ya yi wa yaron godiya. Ni ce na tsaya ina ɗaga murya har mutane suka fara juyowa, ya kama gefen abayata ya ja ni waje. Da takardar likitan muka sayi allura ɗaya daga aljihunmu, da ita ya samu ƙarfin ɗaga akwatuna. Aikin dai ya riga ya tafi.

Da yamma, bayan la'asar, ya ce zai tara ku ya gaya muku. Na ce ya faɗi gaskiya, ku ba yara ba ne can-can. Ya ce wace gaskiya? Ya zauna gaban ɗansa da 'ya'yansa mata ya ce musu me ya lalace a jikinsa? Ya ce musu an kore shi don ya kasa? Ya ɓata musu Baffan da suke so? Nan ya sa na yi masa alkawarin nan. Sannan ya kira ku falo, ya gyara zama, ya ƙaƙalo murmushi.

"Na gaji da ƙasar mutane. Na yanke shawara, gida za mu koma. Na ajiye aikin."

Ke Hanan kika fashe da kuka. Yusra ta tambaya ko akwai lilo a Funtuwa. Kai Khalifa, da saura maka shekara ɗaya ka gama sakandare, ka tambaye shi ko za a iya jira, ya ce a'a, ka tambaye shi dalili, ya ce ya faɗa. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallon mutum yana ɗaukar laifin da ba nasa ba yana ɗora wa kansa, kuma bakina a ɗaure.

Sauran kun gani da idonku. Kun sha wuya a gida, ban musa ba. An yi muku dariyar Hausarku, an mayar da ku baya a aji, kun rasa abokanku. Shi kuma ya buɗe ɗan shagonsa, allurar kuwa wani watan a samu, wani a rasa, wani a samu ta jabu. Ƙashinsa ya yi ta lalacewa a ɓoye, har ranar da santsin banɗaki ya karya masa ƙugu, ya kwanta kwanciyar da bai tashi ba. Baffa Ɗanjuma, da shi ma daga baya ya dawo gida, shi ya yi masa wanka. Kada wanda ya karanta wannan ya canza masa fuska. Da ƙauna ya yi, kuma ya biya da hawayensa.

Saura kai, Khalifa. Ka tuna filin jirgin Riyad, muna layi, Yusra a kafaɗar babanku. Ka juyo ka dube shi a gaban mutane, ka ce masa da Larabci ya kashe maka rayuwa saboda son kansa, kuma ba za ka taɓa yafe masa ba. Ka tuna abin da ya yi? Ya juyo gare ni ya ce da Hausa:

"Me yaron nan ya ce ne? Larabcinsu na 'yan makaranta ya fi ƙarfina."

Ka yi tsaki ka juya. Na san tun daga ranar kake ganin ko maganar taka ba ta isa kunnensa ba, shi ya sa ba ka taɓa janye ta ba. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana karɓar umarni da Larabci, yana cin zagi da Larabci, shi ne ba zai gane wannan ba? Ya ji ka sarai. Muna zama a jirgi, tun kafin ya tashi, ya sunkuyo ya ce mini kada in taɓa nuna maka ya ji. Ya ce yaro ne, ƙasarsa aka raba shi da ita, dole ya samu wanda zai ɗora wa, gara shi da wani. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Sannan ya juya fuskarsa ga taga, bai juyo ba sai da Riyad ta ɓace.

Tun ranar jana'iza ba ka koma maƙabarta ba, na sani, ko da ban tambaye ka ba. Ba ta da nisa da gidanka. Ka je ka yi masa sallama, ka yi masa addu'a da duk yaren da ya fi maka sauƙi a baki. Duka biyun yana ji.